Abin da Ya Ɓata Miyar Sarki Barmo

Na rantse muku ba za ku yarda da wannan labari ba, kuma ban damu ba, don ba a bakin mutane na tsince shi ba. A wani tsohon littafi na gan shi, mai bangon fata, wanda kakana ya bari a gafaka. Gara ta cinye farkonsa, ɓera ya cinye ƙarshensa, ni Cindo mai gyaran janareta na cike giɓin da kaina. Kada wani ya ce ai a aji huɗu na tsaya. A aji huɗu malaman suka ga ba su da sauran abin da za su koya mini, muka rabu lafiya, ban da maganar ƙadangaren da aka samu a aljihun hedimasta, wadda har yau ba a kawo shaida a kanta ba. Ku matso inuwa. Ku yi hankali da galan ɗin baƙin mai, kada wani ya shure shi kafin in juye shi bayan katanga. Goggo Hakama tana can ciki tana fama da zogalenta, ba za ta ji mu ba.

An ruwaito cewa a wani zamani mai nisa an yi wani sarki a Birnin Marke, ana ce masa Sarki Barmo. Mutum ne mai adalci in an gaya masa gaskiya, amma da yake ba a cika gaya masa ba, adalcin nasa ya daɗe a ajiye. Ba shi da abin so a duniya kamar tuwon dawa da miyar kuka, miyar kuwa ba ta shiga bakinsa sai da daddawar Gangare.

Gangare wani ƙauye ne a gindin tsauni, tafiyar yini guda daga birni. Itatuwan ɗorawa sun rufe tsaunin tun daga samansa har bakin rafi. Al'adar da aka gada ita ce duk shekara, bayan an sauke ɗorawa an fitar da kalwa, mai garin Gangare zai kai wa Sarki gaisuwar daddawa kwando goma sha biyu, kowane wata da nasa. Wadda ke dafa kalwar nan, ta surfe ta, ta wanke, ta rufe ta har ta nuna, ta kirɓa ta da hannunta, wata dattijuwa ce mai suna Tasalla, yayar mai gari Nomau. Ita ta goye shi yana jariri, saboda haka rawaninsa bai taɓa ba ta tsoro ba.

Ana nan, an ce, sai wasu attajirai bakwai suka gano tama a kan tsaunin. Suka haɗa dukiya wuri ɗaya, ana kiransu Gidan Bakwai, babbansu wani mai tumbi da taushin murya, sunansa Ƙosau. Suka gina murhu bakwai na narka tama, kowane ya fi mutum tsawo, kowane ba ya ƙoshi da gawayi. Suka fara da itatuwan ƙirya da marke, suka cinye su cikin shekara biyu. Da waɗannan suka ƙare sai suka juya kan ɗorawa, itacen da tun kakanni ba wanda ya taɓa sa masa gatari. A kan rafi suke wanke tamar, a cikinsa suke zubar da kashinta, har ruwan ya koma ja, tunkiya ta sansana ta juya.

Daga nan al'amuran Gangare suka rikice. Hayaƙi ya kwanta a kwarin, furen ɗorawar da suka rage ya riƙa zuba tun bai ƙulla ba. Zafi ya ƙaru. Damina ta koma ba ta da alkawari, a yi ta jiran ruwa har shuka ta ƙone, ranar da ya tashi zuwa kuma ya zo gaba ɗaya, ya gangaro daga tsaunin da ba abin da zai tare shi, ya kwashe gonaki da rumbuna. Su kuwa attajiran gidajensu na birni, kan tudu, inda ko warin hayaƙin ba ya zuwa.

Shekarar da kalwa ta fara gazawa, Tasalla ta auna abin da aka samu, ta ga da ƙyar zai yi kwando huɗu. Ta ce wa ƙanenta ya ɗauki huɗun nan ya kai, in Sarki ya tambayi sauran takwas ya gaya masa suna cikin murhun Ƙosau. Nomau ya riƙe baki. Ya ce ubansu bai taɓa kai gaisuwa da giɓi ba, kakansu ma haka, ba shi zai fara tsayawa a fada a ce Gangare ta gaza ba. Dattawan gari suka ce mai gari ya yi gaskiya, abin kunya ne. Aka sayar da awaki, aka tura mutane tafiyar kwana uku wata ƙasa suka sayo kalwa, aka jibge wa Tasalla.

Ta duba kalwar, ta dube su, ta ce, "Wato mutum ya ƙone muku gida, ku kuma ku sayar da akuya don kada a gane gidan ya ƙone."

Suka ce ta yi haƙuri. Ta dafa tana tsaki, ta kirɓa tana tsaki. Aka yi haka shekara biyar.

Kowace shekara kuwa, in Nomau ya faɗi gaban Sarki, Sarki kan tambaye shi ina mutanen Gangare, ya ce lafiya lau. Ina gonaki, ya ce sai godiya. Ina ruwa, ya ce ya yi gyara. Shekarar da ruwan ya tafi da rumbunsa biyu da bangon ɗakin uwargidansa ma, cewa ya yi ya yi gyara. Da ya dawo Tasalla ta tambaye shi wane gyara, sai ya ce ai haka ake amsa gaisuwa, ba a zuwa gaban manya da ƙorafi kamar maroƙi.

Akwai wata shekara da ƙishin-ƙishin ya kai fada. Waziri Tunau, wanda bai taɓa ganin maganar da ba za a iya ɗagawa zuwa baɗi ba, ya tura mutum uku su dubo. Suka sauka a masaukin Gidan Bakwai, aka yanka musu rago, aka ba su ruwan da ake ɗauko wa attajirai daga birni a tulu. Rana ta uku suka gangaro ƙauye suka gaisa da mutane ƙofa ƙofa. Kowa ya ce lafiya lau. Suka koma birni da ƙiba, suka shaida wa Waziri ba su ga mai kuka ba.

A shekara ta shida ba abin da ya rage sai Kurmin Ido, wasu tsofaffin ɗorawa kamar arba'in da suka kewaye wani idon ruwa a gefen ƙauye. Nan kaɗai ake samun ruwan sha. Tsofaffi sun san in aka sare itatuwan idon zai ƙafe, in ya ƙafe kuwa sai dai Gangare ta ɗaure kaya ta bar kaburburan iyayenta. Sai labari ya zo cewa Ƙosau ya roƙi Sarki ya ba su kurmin, Sarki ya ce a bari ranar gaisuwar daddawa, in mai gari bai ga laifi ba an ba su.

Tasalla ta san abin da ƙanenta zai faɗa tun bai faɗa ba. Ta ce bana da ita za a je, don kwandunan suna bukatar mai lura. Kafin nan ta tsinci 'yar kalwar da ɗorawar kurmi suka bayar, wadda ba ta cika ƙwarya ba, ta yi daddawa dunƙule ɗaya tak ita kaɗai, ta ƙulle a bakin zanenta, ba ta gaya wa kowa ba.

A hanya ta riƙa koya wa Nomau magana. Ta ce kalma huɗu ce, ba mu yarda ba. Ya faɗa wa jaki, ya faɗa wa kuka, ya faɗa wa wani bafatake da bai tambaye shi ba, har da buga sanda a ƙasa. Ta fara sa rai.

An ce ranar fada ta cika. Sarki na kan karaga, Waziri na damansa, attajirai bakwai sun jeru cikin manyan riguna. Aka ajiye kwanduna, Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa. Sarki ya tambayi Gangare, ya ce lafiya lau. Ya tambayi ruwa, ya ce ya yi gyara. Tasalla, tana durƙushe bayan kwanduna, ta ciji leɓe. Sarki ya ce to, ga Ƙosau yana neman Kurmin Ido, me mai gari ya gani?

Nomau ya dubi Sarki, ya dubi ƙasa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ƙasa taka ce, kurmi naka ne, mu ma naka ne."

Waziri ya gyara murya zai ce an gama, sai aka ji wata murya daga bayan kwanduna.

"Allah ya ja zamanin Sarki, ƙarya yake yi."

Dogarai suka yunƙura. Sarki ya ɗaga hannu, ya tambaya wace ce. Aka ce yayar mai gari ce, ita ke yin daddawar. Da ya ji haka ya ce a ƙyale ta ta matso, don shi ma yana da magana da ita.

Ta matso ta durƙusa. Ta ce ƙanenta ba mugu ba ne, kunya ce ta yi masa yawa, in kansa na cin wuta aka gaishe shi zai ce ba komai. Sa'an nan ta zayyana wa Sarki komai, jan rafi, da zubar fure, da ruwan da ke zuwa kamar yaƙi, da abin da zai faru in aka taɓa kurmi.

Ƙosau bai yi fushi ba. Ya yi murmushi, ya nemi izini, ya ce wannan magana ta tuna masa da wani labari.

Ya ce an yi wani gari mai maƙeri ɗaya. Mutanen garin suka dame shi da ƙorafin hayaƙi, har suka taru suka kore shi, suka kwana suna murna iska ta yi daɗi. Da damina ta faɗi sai fartanyar wannan ta karye, garmar wancan ta dushe, ba mai gyarawa. Suka koma tonon ƙasa da hannu, ciyawa ta cinye hatsi, kaka ta zo ba abin da aka kai rumbu. Suka zauna cikin iska mai daɗi yunwa na ɗaukarsu ɗaya ɗaya.

"Ranka ya daɗe," in ji Ƙosau, "fartanyar da ke hannun kowane talakanka daga murhunmu ta fito. Ita kanta wannan baiwar Allah, a tambaye ta da me take dafa kalwa yini guda cur. Da itace. Kowane gida a ƙasar nan yana hura wuta. In hayaƙi ya hau sama ya gauraya, wa zai ware nawa da nata? In za a rage wuta, to kowa ya rage, mu da su daidai wa daida."

Fadawa suka gyaɗa kai. Waziri ya ce maganar tana da zurfi, ya ga a naɗa mutum uku su je su dubo, a dawo baɗi. Tasalla ta ji kamar ta ɗauki kwando ta kifa masa.

Sarki ya ce ga tambayarsa, wanda ya amsa ta shi ke da kurmi. In kowa ya hura wuta kuma ƙasa ta lalace, laifin a kan wa za a ɗora, kuma da me za a gane?

Tasalla ta ce ita ba ta yi karatu ba, amma tana da nata labarin, in Sarki zai ji na tsohuwa. Ya ce ta faɗa.

Ta ce an yi wani mai fito a wani babban kogi. Wata rana mutane goma suka shiga jirginsa, kowa da ɗan abin da ya riƙo, a cikinsu har da wata mata da tulun man gyaɗa guda, shi ke nan abin da ta mallaka. Jirgi na shirin tashi sai ga wani attajiri da dutsen niƙa ashirin. Aka loda. Ya hau can saman kayansa ya zauna. Da aka kai tsakiyar kogi ruwa ya fara shigowa, ya jiƙa na ƙasa har gwiwa, shi ko tafin ƙafarsa bai jiƙe ba. Sai ya leƙo ya ce jama'a, dukkanmu muke da nauyi, adalci shi ne kowa ya jefa rabin kayansa a ruwa. Matar ta tambaye shi yaya ake jefa rabin tulu. Ya ce wannan kuma matsalarta ce, doka ɗaya ce ga kowa.

Mai fito ya karkata jirgi zuwa wani tsibirin yashi, ya ce attajiri ya sauka da duwatsunsa na ɗan lokaci. Da aka sauke, jirgi ya taso sama, har wani zane da mai fito ya yi da wuƙa a jikin jirgin tun ranar da aka sassaƙa shi ya fito fili. Ya nuna wa mutane zanen, ya ce shekara talatin yana ɗaukar mutane goma da tulunansu ruwa bai taɓa wuce nan ba. Ya ce wa attajiri zai dawo ya ɗauke shi, dutse biyu biyu, kuma attajirin ne zai yi tuƙin.

"Allah ya ba ka nasara," in ji Tasalla, "tun kakar kakata ake dafa kalwa a Gangare da busasshen reshen da ya faɗo da kansa, tsauni bai taɓa yin sanƙo ba. Ba mu ce a kori maƙeri ba. Cewa muka yi a dubi wanda ya shigo da duwatsu."

Ƙosau ya share gumi, amma bai rasa ta cewa ba. Ya ce labari ya yi daɗi, sai dai shi mai fito yana da zane a jikin jirginsa, ina nata zanen? Shekara shida mai gari na zuwa yana cewa lafiya lau. Mutanen Waziri sun je sun ji lafiya lau. Ga kwanduna goma sha biyu a cike gaban kowa, kamar bara, kamar bara waccan. Ƙasar da ta lalace ba ta cika kwando.

Tasalla ta san amsar, ta kuma san abin da ake yi wa wanda ya yi wa Sarki algus a gaisuwa. Nomau ya jawo bakin zanenta yana raɗa mata, Yaya, don Allah, Yaya. Ta fizge zanen.

Ta ce, "Zanen yana bakin Sarki. Allah ya ja zamaninka, yaushe rabonka da ka ji daɗin miya?"

An ce Sarki Barmo ya gyara zama. Abin da duk fada ta sani, ba mai iya faɗa, shi ne shekara biyar ke nan Sarki na faɗa da miyarsa. Ya sallami masu dafa masa abinci har uku. Ya sha saiwoyi da jiƙe-jiƙe. Daga baya Waziri ya lallashe shi cewa tsufa ne, harshen manya haka yake yi, Sarki ya haƙura yana cin tuwo kamar mai shan magani. Maganar da ya ce yana da ita da mai daddawa ke nan.

Tasalla ta faɗi gaskiya duka. Ta ce abin da ke cikin kwandunan nan ba kalwar Gangare ba ce, ta wata ƙasa ce, an sayo ta da kuɗin awaki don kada a ji kunya, kuma hannunta ne ya kirɓa ta shekara shida ke nan, in da hukunci a fara da ita. Sa'an nan ta kwance bakin zanenta ta ajiye dunƙule ɗaya a gaban karaga. Ta ce wannan ne abin da Gangare ta haifa bana, daga Kurmin Ido, in aka sare kurmin shi ne na ƙarshe.

Sarki ya sa aka kai cikin gida, a kaɗa miya biyu, ɗaya da ta kwando, ɗaya da ta bakin zane, kada a gaya masa wacce ce wacce. Fada ta zauna jira. Aka kawo akushi biyu. Ya sa yatsa a na farko, ya lasa, ya ture. Ya sa a na biyu, ya lasa, ya sake lasa. Ya ce a kawo tuwo. A gaban fadawa da attajirai da baƙi, Sarkin Birnin Marke ya cinye malmala uku, ya suɗe akushi, sa'an nan ya dubi Waziri ya tambaye shi ko har yanzu tsufa ne.

Waziri ya ce lalle al'amarin yana bukatar a duba. Sarki ya ce an duba.

Ga hukuncin da littafi ya ce ya yanke. Kurmin Ido ba mai sa masa gatari har abada, kuma Tasalla ce mai riƙonsa. A cikin murhu bakwai a kashe shida, a bar ɗaya saboda fartanyar talakawa, shi ma ba zai ci ɗanyen itace ba. Gidan Bakwai su kwashe kashin tama daga rafi da jakunansu, su dasa ɗorawa a kan tsauni daga sama har ƙasa. Attajiran bakwai kuma su tashi daga kan tudun birni su koma Gangare da iyalansu, a ba su fili a bakin kwari inda ambaliya ke fara shiga, su sha ruwan da ake sha. Ba za su dawo ba, ba za a sake hura murhu shidan nan ba, sai ɗorawar da suka dasa ta yi 'ya'ya, Tasalla ta kirɓa, harshen Sarki ya amince.

Ƙosau ya faɗi ya ce, "Zaki, ɗorawa fa takan kai shekara goma kafin ta haihu."

Sarki ya ce, "Waɗanda ka sare sun girmi kakanka, ban ji ka tsaya tambayar shekarunsu ba."

Ya sa a nemo masu abincin nan uku a ba su haƙuri a mayar da su. Ya ce Waziri, tun da yana son dubawa, shi zai riƙa zuwa Gangare duk wata yana duba dashe, kuma a gidan mai gari zai sauka, ba rago. Game da algus, ya ce ya yafe saboda wadda ta tona, amma daga yau gaisuwar kowane gari ta zo yadda ƙasa ta ba da ita, in huɗu ne huɗu, in babu a kawo kwandon wofi. Mai garin da ya sake cewa ruwa ya yi gyara alhali ya tafi da rumbunsa, a tuɓe masa rawani. Aka ba Tasalla zane da saniya.

A hanyar komawa ƙaya ta soki Nomau, ƙafa ta kumbura, yana ɗingishi yana nishi, rana ta gasa shi. Tasalla ta tausaya masa, ta waiwayo ta ce, "Mai gari, ina gajiya?"

Ya ce, "Ba gajiya, Yaya."

Ta tsaya ta dube shi tun daga rawani har kumburin, ta yi tsaki, ta kora saniyarta ta wuce gaba.

Masu littafi suka ce abin lura a nan biyu ne. Wanda ya ɓata wuri shi zai gyara shi da hannunsa, ya kuma zauna cikin ɓarnar har ta gyaru, kada a raba wa waɗanda ba su ci ba nauyin abin da ya ci. Wanda aka cuta kuma, in ya ce lafiya lau, ya taya mai cutarsa aiki. Ni kuwa ban so in faɗa ba, amma tun da kun matsa, Tasallar nan kakar kakata ce ta wajen uwa. Jininta ne a jikina, shi ya sa kuka ga duk unguwar nan ba wanda ya kai ni ƙin ɓarna, ko tsinke na ga an yar a kwata sai raina ya...

A'a, Goggo Hakama, sannu da fitowa. Tun yaushe kike jikin katanga? Tun daga maganar aji huɗu. To. Wannan zogalen da kika tumɓuko ai ciwon shuka ne ya kama shi, yana yawo bana, baƙin da ke jikin saiwar ma haka ciwon yake. Ƙanshin man inji kuma, Goggo, unguwar nan kowa yana da janareta, in mai ya shiga ƙasa ya gauraya wa zai ware nawa da na... Na'am. Ƙosau ne ya faɗi haka, gaskiya ne. Ashe kin ji wurin sosai.

Jama'a, ku daina dariya, ku sa baki mana. Wai in kwashe ƙasar bayan katanga da hannuna har inda man ya tsaya, in kawo sabuwa daga bakin rafi, in dasa zogale goma sha biyu, kuma makullin shagona yana bakin zanenta sai ranar da ta tsinki ganye ta yi kwaɗo ta ji daɗinsa. Goggo, zogale fa sai ya yi wata uku. To, na ji, na ji, ban tambayi shekarun naki ba. Wani ya miƙo mini shebur. Ɓeran da ya ci ƙarshen littafin nan ya fi ni hankali, ya san inda ya kamata a tsaya.